Dalilin da ya sa katin memori mai araha ke cinye hotuna da karatun masu waya a Kazaure da kewaye

A garuruwan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura da ke arewa maso yammacin Jihar Jigawa, katin memori ya daɗe yana rage wa jama'a kashe kuɗin data. Maimakon mutum ya ƙone kuɗinsa wajen kallo a intanet, sai ya kai katinsa wurin masu turi a zuba masa tafsiri, karatun Alƙur'ani, finafinan Kannywood ko fassarar Indiya. Ɗalibai, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, a ciki suke adana littattafai da hotunan takardunsu. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan dabara ta ƙara samun hujja.

Asarar takan faru ne a ranar da waya ta cika. Mai ita ya sayi kati mafi girma, ya kwashe komai daga tsohon zuwa sabon, ya goge tsohon ko ya kyautar da shi. Bayan ’yan kwanaki sai hotunan biki su ƙi buɗewa, bidiyo ya tsaya a tsakiya, wasu fayilolin kuma a ga sunansu amma babu komai a ciki. Da yawa sukan ɗora laifin a kan bairos ko a kan wayar, alhali sau da dama katin ne jabu.

A cikin kowane kati akwai ma'ajiyar da ke riƙe bayanai, akwai kuma ɗan ƙaramin sashe da ke sanar da waya girman ma'ajiyar. Masu yin jabu wannan sashen suke sauya wa lissafi. Katin da ainihin cikinsa giga 8 ne sai ya gaya wa waya cewa shi giga 128 ne, wayar kuma ba ta da hanyar musantawa. Muddin abin da aka zuba bai wuce giga 8 ba, komai zai yi aiki lafiya, shi ya sa gwajin da ake yi a tsaye a bakin shago ba ya tona komai. Da zarar an haura iyakar, katin zai riƙa rubuta sabo a kan tsoho, ko ya watsar da sabon yana nuna kamar ya adana. Abin da aka rubuta wani a kansa kuwa ya tafi ke nan. Babu mai gyaran da zai dawo da shi.

Galibin kayan waya na wannan yanki daga Kano ake saro su, inda manyan kasuwanninsu suke a Farm Centre da titin Beirut, kuma ƙaramin ɗan kasuwa da ya saro kwali guda ba lallai ne ya san abin da ke cikinsa ba. Kwalin jabu na iya ɗaukar sunan SanDisk ko Samsung da launi iri ɗaya da na gaske. Hanyar tabbatarwa ita ce a cika katin maƙil sannan a duba abin da aka zuba. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce a kwamfuta mai Windows, wannan aikin take yi, ta kuma faɗi ainihin girman katin. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya zuba manyan bidiyo har katin ya cika, ya buɗe na farko da na ƙarshe. Aikin yana cin lokaci, wani sa'in awanni, amma ya fi kuka sauƙi.

Akwai gibin da ba zamba ba ne. Katin giga 32 na gaske yakan nuna kimanin 29, na 64 ya nuna kimanin 59, na 128 kuma 119, saboda kamfani da waya sun bambanta a yadda suke ƙirga giga.

Ko katin na gaske ne, ba kowace waya ke karɓarsa ba. Mai alamar SDHC iyakarsa giga 32, daga 64 zuwa sama kuma SDXC ne, wanda tsofaffin wayoyi da ƙananan wayoyi masu madannai da yawa ba sa gane shi. Alamar U1 ko lamba 10 a cikin da'ira na nufin katin zai rubuta aƙalla megabait 10 a daƙiƙa, U3 kuma 30, abin da mai ɗaukar dogon bidiyo ke buƙata. A wasu wayoyin gurbi ɗaya ne na sim na biyu da na memori, sai an zaɓi ɗaya. Wayoyin iPhone ba su taɓa zuwa da gurbin ba, Samsung ma ya cire shi daga manyan wayoyinsa tun Galaxy S21 a 2021, yayin da yawancin Tecno, Infinix da Itel, waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a, ke nan da shi.

Wani tarkon yana cikin tambayar da waya ke yi idan an saka sabon kati. Tun daga Android 6 na shekarar 2015, wasu wayoyi na ba da zaɓin a haɗe katin da ma'ajiyar cikin waya. Wanda ya zaɓi haka, wayar za ta kulle katin ta yadda ita kaɗai ke iya karanta shi. Idan ta faɗa ruwa ko aka yi mata filashin, abin da ke kan katin ya salwanta, ko da katin lafiyarsa ƙalau. Ga mai yawan canza waya ko kai kati wurin turi, barin shi a matsayin katin da ake cirewa shi ne daidai. Kuma kati ba ya raba waya da cikar da WhatsApp ke jawowa, domin manhajar a cikin waya take tara kayanta, sai dai a riƙa kwashewa da hannu.

Tsohon katin ma yana da nasa haɗarin. Gogewa ko fomatin na gaggawa ba ya share hoto daga tushe, akwai manhajojin da ke iya tono shi. Katin da ya taɓa ɗaukar hotunan iyali, takardar NIN ko bayanan banki bai kamata a sayar ko a kyautar da shi ba sai an goge, an cika shi da wani abu daban, an sake gogewa. Ya fi kyau ma a ajiye shi da kayansa na tsawon makonni, har sabon ya tabbatar da kansa.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da yadda aka siffanta shi ba. Amma a kasuwar ƙauye da ake ciniki ba rasit, hujjar mai saye ita ce sharaɗin da ya ƙulla da mai shago kafin ya biya: cewa zai gwada katin, idan bai cika girmansa ba ya dawo da shi.