Kogi Ma Daji Ne

Da hutun makaranta na je gida Kelle. Muna zaune da la'asar a ƙofar gidan kawuna, sai wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya ce shi da abokansa suna so su je tsibirin Bubon su yini, har sun yi kusan mako biyu suna tsara tafiyar. Kawu ya yi murmushi, ya ce: "Mako biyu saboda tafiyar da ba ta kai nan da Gure ba? Ai wannan je-ka-ka-dawo ne. Shiri na mai dogon zango ne. Ku tashi da bisimilla, Allah ne mai tsarewa."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ban ce uffan ba, don ba a katse babba a gaban 'ya'yansa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma na san ba Kawu kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Na ji shi a bakin ɗalibai, na ji shi a bakin 'yan kasuwarmu da ke zaune a Yamai: wai abin da ke gefen birni ba ya bukatar tanadi, lissafin lokaci da neman jagora duk ɗabi'ar Nasara ce. Kawu, ku gafarce ni, a nan na saɓa muku, kuma da abin da kuka koya mini zan kafa hujja.

Ku ne kuka nuna mini yadda ake shirin shiga arewa. Tun ina yaro na ga yadda kuke yi in za a bar duwatsun Kutus a nufi wajen Tesker. Sai kun tambayi wanda ya fito can kwanan nan wace rijiya ce ke da ruwa, wacce ta rufta. Sai kun shafa salka da hannunku kun tabbata ba ta yoyo. Ba kwa barin a tashi da tsakar rana, ba kwa yarda a tafi ba tare da wanda ya san hanya ba. Ban taɓa jin wani ya ce wannan raunin tawakkali ne ba. Kun yi haka ne don kun san daji ba ya duba kusanci. Mutum na iya halaka da ƙishirwa alhali tsakaninsa da rijiya tudu ɗaya ne. To, kogi ma daji ne. Bambancin kawai, wancan mun gaje shi, wannan kuwa baƙi muke a cikinsa.

Gaskiya ne Bubon ba nisa. Kilomita 25 ne ko kusa da haka daga Yamai, in ka ɗauki hanyar Tillaberi. Gari ne na Zabarmawa a bakin kogi, cikin gundumar Karma, wanda ya yi suna da ginin tukwane. Matan garin ke gina randuna da tuluna masu zane, kasuwarsu na ci ranar Laraba, tsibirin kuma ga shi nan ana hangensa daga gaɓa. Duk wannan ya sa mutum ke ɗauka da sauƙi. Sai dai kilomita 25 ɗin na mota ne. 'Yar tazarar da ta rage, daga gaɓa zuwa tsibiri, ita ce ainihin tafiyar, ita kuma ba a auna ta da kilomita.

Abin da ya fi ruɗar ɗan tudu shi ne lokacin ruwa. Mu a Kelle mun san tafki na cika da damina, ya ja baya da kaka, kafin bazara ya zama fako. Da wannan lissafi muke isa bakin kogin Isa, shi kuwa ba haka yake tafiya ba. Sau biyu yake cika a Yamai. Cikar farko tana zuwa a watannin Agusta da Satumba, lokacin da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwaso ruwan sama daga wajen Burkina Faso. Ruwan ja ne jawur saboda ƙasar da ya wanko, yana zuwa da gudu, yana ɗauke da itatuwa da tarkace. Irinsa ne ya ci unguwannin Yamai a 2012 da 2020. Cika ta biyu kuwa ruwan da aka yi ne a tsaunukan Gini, can mafarin kogin. Sai ya bazu a fadamun Masina a ƙasar Mali, ya yi watanni yana rarrafe, ba ya kai iyakarsa a Yamai sai wajen Janairu. Wato a lokacin da muke fama da hunturu, leɓe na tsagewa, ba ko ɗigon ruwa a sama, a lokacin ne kogi ke tumbatsa. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma ya janye, yashi ya fito fili, jirgi ya riƙa kafewa a tsakiya. A 1985 ma har tsayawa ya yi cak a Yamai. Wanda bai san wannan ba, da me zai zaɓi ranar tafiyarsa?

Ni na tafi ban sani ba, shi ya sa nake magana. Shekarun baya, a watan Yuni, mu huɗu muka tashi daga Yamai zuwa Bubon bayan azahar, ba mu tambayi kowa ba. Muka sami wani mai kwalekwale a gaɓa, muka shiga ba tare da mun yanke kuɗin dawowa ko lokacinta ba. Zuwa lafiya lau. Muna can ƙarƙashin inuwa, sai gabas ta haɗe, iska ta taso da ƙura kamar yadda take yi gabanin ruwan farko. Cikin ɗan lokaci kogin da ke kwance ya fara tafasa. Mai jirgin da ya kawo mu ya riga ya koma. Wani dattijo masunci da ke ɗinkin koma ya dube mu, ya ce da Hausarsa mai karin Zabarmanci: "'Ya'yana, yanzu ba a shiga." Muka nace, don muna tsoron dare. Bai ɗaga murya ba, bai kuma fasa ɗinkinsa ba. Ya nuna mana wani wuri da haɓarsa, inda ruwan ya yi duhu, ya ce dorina na nan tun da ruwa ya ja, kuma ba ta son a matse mata hanya da magariba. Sai da iskar ta faɗi, duhu ya fara, sannan ya sa ɗansa ya ƙetare da mu ta wata hanya mai zagaye. Na zauna a tsakiyar jirgi, hannuna biyu riƙe da katako, ruwa na taɓa mini yatsu, ina tuna cewa ban iya iyo ba, kuma babu wanda ya san inda muke.

Na san amsar da za ku ba ni, Kawu, kuma tana da ƙarfi. Za ku ce ai mutanen can kullum suna ƙetarewa, mata da goyo, yara da awaki, ba wanda ya yi zaman tsara tafiya. Haka ne. Amma su shirinsu ya riga ya zauna musu a jiki, kamar yadda sanin rijiyoyi ya zauna muku. Masuntan Sorko, waɗanda Hausawan Kabi da Yawuri ke kira Sarkawa, sun yi ɗaruruwan shekaru suna karanta launin ruwa da motsin iska. Yaron da ya tashi a tsibiri ya iya iyo kafin ya iya wanke allo. Abin da su suka samu a gado, baƙo sai ya saye shi da tambaya. Kuma ko su 'yan gadon, ranar da aka yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa ba ya duba asalin kowa. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya tsage a kan wannan kogi, kusa da Wara a Jihar Kebbi, fiye da mutum ɗari suka salwanta, akasarinsu mutanen yankin ne masu zuwa neman abinci.

Inda na yarda da ku ɗari bisa ɗari shi ne, ajali na hannun Allah, kuma akwai masu mai da shiri wasiwasi har su kasa fita ƙofar gida. Ba wannan nake nufi ba. Shirin da nake nufi bai fi abin da za a gama a zama ɗaya ba. A fita da sassafe, a ƙudurta cewa la'asar a gaɓar gida za a yi ta. A yi ciniki da mai jirgi kan zuwa da dawowa tun ƙafa na kan tudu, a riƙe wani abu daga kuɗin sai an dawo. In jirgi ya cika har bakinsa na sumbatar ruwa, a haƙura a jira na gaba, ko da za a rasa kasuwa. Wanda bai iya iyo ba ya nemi rigar ceto, kada kunya ta hana shi. A tafi da ruwan sha, don ruwan gaɓa mai kwanciya shi ne gidan tsargiya, wanka a ciki ma ba na baƙo ba ne. A canza kuɗi zuwa ƙanana, don mai tulu ba ta da canjin jika goma.

Akwai kuma abin da zamani ya ƙaro, wanda ba na jin daɗin faɗarsa. Jihar Tillaberi ta yi shekaru cikin matsalar tsaro. Ayoru, da kasuwarta ta Lahadi da tsibirinta, da can ana zuwa daga Yamai hankali kwance, yanzu ba wurin yawo ba ne. A watan Agusta na 2020 an kashe mutum takwas a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, wurin da shi ma kowa ke ɗauka gefen birni ne. Saboda haka tambayar halin hanya a ranar da za a tashi, daga bakin direbobin tasha da mutanen garin, da riƙe katin ɗan ƙasa saboda shingayen jandarma, da gaya wa wani a gida inda aka nufa, duk sun zama dole.

Wani ɓangaren shirin kuma haƙƙin mutanen tsibirin ne, kuma shi ne aka fi mantawa. Wurin da kai ka je shan iska, gidan wasu ne, da gonakinsu da makabartarsu. Na ga samari 'yan birni sun sauka daga jirgi da waya a ɗage, suna ɗaukar hoton mata a wurin wanki ba ko sallama. Da wani baƙo zai yi haka a bakin rijiyar Kelle, na san abin da za ku ce masa. Wanda ya yi tanadi zai koyi ko da "fofo" ce ta gaisuwa, ya fara neman dattijon wuri ya gaishe shi, ya nemi izini kafin hoto, ya kwashe ledojinsa ya koma da su.

Na sake komawa Bubon bayan shekara biyu, a watan Disamba, ranar Laraba. Ƙarfe takwas ina gaɓa. Ruwa ya cika ya kwanta, jirage na ta isowa da kaya, an jera tukwane a kan rairayi. Na tsaya kusa da wata tsohuwa tana ƙwanƙwasa randa da ɗan yatsa don mai saye ya ji ƙararta, ya san ba ta da tsaga. Na ƙetare, na yini, na yi azahar tare da masunta, kafin rana ta yi sanyi na dawo. A wurin wannan tsohuwa na sayi ƙaramin tulun da na naɗe cikin bargo, na rungume shi a mota fiye da kilomita 1000, ta Dosso da Maradi da Damagaram har Gure. Shi ne wanda ke zaurenku, Kawu, wanda kuke cewa ruwansa ya fi na kowane tulu sanyi.