Suna Linzami: Zaɓen Kalmomi a Muhawarar Yanayi

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Haka abin yake a muhawarar ƙaruwar zafin duniya, domin sunan da aka laƙaba wa matsala shi ke juya hankalin jama'a.

Alal misali, a shekarar 2002 wani mashawarcin jam'iyyar Republican ta Amurka, Frank Luntz, ya shawarci 'yan siyasarta su riƙa cewa "sauyin yanayi" maimakon "ɗumamar duniya", wai don na farkon bai cika tsoratarwa ba. Ya kuma nemi su dage cewa masana ba su daddale ba tukuna. A 2019 kuwa, jaridar Guardian ta Ingila ta karkata linzamin, ta umarci marubutanta su fifita kalmomin da ke nuna hatsari da gaggawa.

Wannan ya shafi mai fassara labarai zuwa Hausa. A kunnen Bahaushe, "sauyin yanayi" yana iya nufin shigowar hunturu ko faɗuwar damina, wato abin da aka saba gani kowace shekara. In ba a fayyace masa ba, manomi zai ɗauki gargaɗin masana tamkar labarin yau da kullum.