Iska Ta Yaye Rumfar Inji, Ina Kuɗin Niƙa?

Duk wanda ya tashi a Hunkuyi ko Gubuchi ko Paki ya san layin injin niƙa. Tun da hantsi yara sun jera robobi da ƙore a ƙofar rumfa, kowa ya san wanda yake bi ba tare da an raba lamba ba. Wannan ta kawo tsabar masara ta tuwon dare, waccan dawa, ga kuma 'yar aiken mai ƙosai da surfaffen wake a bokiti, an riga an yanka masa albasa da attarugu. Da yawansu sukan miƙa kuɗin tun isowarsu, don kada ya faɗi a wajen wasa. To a ce hadarin farkon damina ya taso, irin wanda iska ke riga ruwa isowa, ya yaye rufin rumfar, ruwa ya sauka a kan inji. Mai inji zai leƙo, gari har gashin idonsa, ya ce, “Yara, yau kam babu niƙa. Mai son kuɗinsa ya zo ya karɓa. Wanda ya bar kayansa, gobe in Allah ya kai mu da shi zan fara.”

Ba a kai irin wannan magana gaban mai unguwa, domin kowa ya san iyakar hakkinsa. Babu uwar gidan da za ta yafa mayafi ta je ta ce mai inji ya biya ta tuwon da ba a tuƙa ba, tunda ba shi ya aiko iskar ba. Shi ma ba zai soke kuɗin a aljihu ya ce ikon Allah ne, alhali bai niƙa ko tsaba ɗaya ba. Bari ko ɗauka kuwa, mai hatsi ke yankewa. A kan wannan 'yar maganar ce manyan kamfanonin sufuri ke cika shafuka da mitsi-mitsin rubutun da babu mai karantawa sai ranar da tafiya ta lalace.

A Amurka da Turai akwai wata irin tafiya da ba mu saba da ita ba. Mutum zai biya kuɗi ya shiga katafaren jirgin ruwa mai ɗaukar dubban mutane, ya yi mako guda ana ci ana sha ana zaga tsibirai, a dawo da shi inda aka ɗauke shi. Babbar tasharsu Miami ce a jihar Florida, kuma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne a wannan yanki. In guguwa ta sa kamfani irin Carnival ko Royal Caribbean ya soke tafiya ɗungurum, abin da aka saba shi ne a mayar wa fasinja kuɗinsa, ko a ba shi takardar da zai yi wata tafiyar da ita nan gaba. A 2022 hukumar kula da sufurin teku ta Amurka ta ƙara ɗaure maganar: in an soke tafiya, ko an jinkirta ta kwana 3 ko fiye kuma fasinja ya ce ya fasa, yana da hakkin karɓar kuɗinsa. Rigima takan taso ne in jirgin ya tashi, amma kyaftin ya kauce wa guguwa ya kai su wani tsibiri daban. A nan sharuɗɗan tikiti na goyon bayan kamfani, kuma abin da akan mayar da wuya ya wuce harajin tashar da ba a tsaya ba. Tikitin jirgin sama zuwa Miami da kuɗin otal kuwa, in mutum da kansa ya saya kuma bai yi inshora ba, sai dai ya rungumi ƙaddara.

Mu a arewacin Zazzau ba mu da teku, namu daga sama yake zuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura daga hamadar arewacin Chadi, gari ya yi fari fat, har direba a Tashar Yari ya kunna fitila da rana tsaka. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, takan yi gargaɗi, jirage kuma su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano ko na Kaduna saboda matuƙi ba ya hango titin. Mutumin Makarfi ko Ikara ya yi sammako cikin sanyi, zai je Legas sarin kaya ko Jidda umara, ya isa ya tarar an soke.

Doka na nan, ko da yake kaɗan ne suka san da ita. Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ya raba abu biyu da mutane kan cakuɗa: mayar da kuɗin tikiti daban, diyya daban. Diyyar, kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida da kashi 30 a ta ƙetare, tana faɗuwa in abin da ya hana tashi ya fi ƙarfin kamfani, kamar hazo. Kuɗin tikitin kansa ba ya faɗuwa. Fasinja ne zai zaɓa, a sa shi a wani jirgin ko a ba shi abinsa. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a tafiyar cikin gida nan take ya kamata a ba shi, sauran kuma cikin kwana 14. Tarayyar Turai ma haka ta tsara tun 2004, sai dai ita kwana 7 ta yanka.

Amma je ka tsaya a gaban kanta ka ji abin da ake faɗa. “Alhaji, a yi haƙuri, hazo ne, ba laifinmu ba ne. Za mu bar maka tikitin a buɗe.” Babu ƙarya a ciki, ɗaya zaɓin ne kawai ba a ambata ba. Mu kuma da zarar an ce mana ikon Allah, bakinmu ya mutu. Sai mutum ya ji kamar in ya ce a ba shi kuɗinsa ya yi jayayya da ƙaddara, ya naɗe takardarsa ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Addu'ar daidai ce, kunyar ce ba ta da tushe. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake biyawa a zaurukan Zariya da ƙauyukanta tun kaka da kakanni, ta taɓo hayar jirgin ruwa a babin ciniki, kuma hukunci biyu ta haɗa wuri ɗaya. Ba a ɗora wa mai jirgi lamunin abin da ruwa ya ci, shi kuma ba ya cin ladan haya sai ya kai kaya inda aka yi da shi. Malamin ya rasu a 996, sama da shekara dubu kafin a rubuta sashe na 19.

Sai dai karɓar kuɗi ba kullum ya fi ba, kuma nan ne maganar ke da wuya. Mu koma ƙofar inji. Mai tsabar masara ba ta yi asarar komai ba in ta bar robarta ta kwana, gobe ita ce ta farko, ba ta sake bin layi. 'Yar aiken mai ƙosai kuwa in ta bar jiƙaƙƙen wake ya kwana, da safe kumfa da tsami za ta tarar, sai dai a zuba wa awaki. Tilas ta sungumi bokitinta ta ruga wata unguwar tun kafin uwar ɗakinta ta ɗora kasko. Abin da matafiyi zai duba ke nan: kayan da zai bari a hannun kamfani busasshe ne ko jiƙaƙƙe?

Maniyyatan 2020 sun ga wannan da idonsu. Su annobar korona ce ta tsayar da su, amma lissafin ɗaya ne. A watan Yuni na shekarar Saudiyya ta sanar cewa mazauna ƙasar kaɗai za su yi aikin Hajji. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ce mai son kuɗinsa ya nema ta hannun hukumar jiharsa, wanda ya bari kuma za a ba shi fifiko in an buɗe hanya. Ɗauki manomin rake a Makarfi, ko mai lambun tumatir a Kudan, wanda ya haɗa amfanin shekaru ya zuba, ya zaɓi ya bari. Kujerar 2019 wajen naira miliyan 1.5 ta tsaya. A 2021 ma ba a je ba, kusan mutum 60,000 mazauna Saudiyya kaɗai suka hau Arfa. Da aka buɗe a 2022, kujera ta kusa miliyan 2.5, kason Nijeriya ya sauko daga 95,000 zuwa 43,008, aka kuma gindaya cewa sai wanda bai kai shekara 65 ba. Dattijon da ya riƙe layi shekara biyu, sai ga shi shekarunsa sun fitar da shi. Cikin waɗanda suka cike kuɗinsu ma, wa'adin saukar alhazai ya cika da saura a ƙasa, har da kusan 700 daga Kano, NAHCON ta fito ta ba da haƙuri. Wanda ya sake bari zuwa 2023 ya tarar da kusan miliyan 3. A 2024, bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, aka fara yanka wa 'yan Arewa kusan miliyan 4.7, a watan Maris aka ce kowa ya ciko miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki. Ta 2025 ta haura miliyan 8.4.

Wuri a layi aka ajiye wa maniyyaci, farashi kuwa babu mai iya ajiye masa, domin jirgi da masauki a Makka da tantin Mina duk da dala da riyal ake biyan su, shi kuma naira ya bari.

Masu cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni suna da hujja, amma ba zan ce duk wanda ya karɓe nasa ya fi wayo ba. A shekarar da kujeru ba su kai rabin na da ba, wuri a layi ba abin wasa ba ne. Kuma kowa ya san halin kuɗin da ya dawo gida. Ranar da ya shigo ake tuna auren 'ya, da ɗakin da ke yoyo, da ɗan'uwa da ke kwance a asibitin Shika, kafin damina ta faɗi kuɗin Makka ya zama labari. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya karɓa ya juya shi nan take, ya ɗaure bijimai a turke ko ya jibge buhunan masara, abin da ke tashi tare da kasuwa. Wanda ya san hannunsa ba ya riƙe kuɗi, bari ya fi masa ko da zai yi ciko. Shirin Adashin Gata, wanda NAHCON ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020 bisa koyi da Tabung Haji na Malesiya da ya faro a 1963, ƙoƙari ne na kama tsakiya, kuɗin ya riƙa juyawa a halattaccen kasuwanci maimakon ya kwanta. Dabara ce mai kyau, sai dai babu ribar banki da za ta kamo kujerar da ta ninka fiye da sau biyar cikin shekara shida.

A tikitin yau da kullum abin ya fi sauƙi, in mutum ya daure ya yi tambaya kafin ya bar gaban kanta. Buɗaɗɗen tikitin nan, har zuwa yaushe? Kujera aka ajiye mini, ko adadin kuɗi ne da zan yi wa ciko in farashi ya tashi da Sallah? In na amince yau, zan iya dawowa gobe in ce kuɗina nake so? Wannan ta ƙarshen ita ce ake yawan mantawa, alhali sau da yawa karɓar takardar wata tafiya na nufin mutum ya yafe tsabar kuɗi. Mai umara nasa ya fi yawa. Biza na da wa'adi, otal na ranaku sanannu aka biya, kuma wanda ya ƙulla niyyar goman ƙarshe na Ramadan, kujerar bayan Sallah ba ta maye masa komai. Ga shi kuma azumi yana ja da baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanzu cikin hunturu yake nutsawa, don haka masu umarar azumi za su ƙara karo da hazo a shekarun da ke tafe.

Sai maganar ɗan tsakiya. Kaɗan ne cikin mutanenmu ke sayen tikiti kai tsaye, yawanci ta hannun ejan ake bi a Zariya ko Kano, ko wani ɗa a birni ya tura daga asusunsa. Kamfanin jirgi kuwa inda kuɗi ya fito can yake mayarwa. Sai ka ga dattijo yana zaryar ofishin kamfani, alhali kuɗinsa ya daɗe da sauka a asusun wani, shi kuma yana ta ce masa, “Baba, wallahi ba su sako ba tukuna.” Akwai masu amana a cikinsu, kuma su ma wani lokaci riƙe musu ake yi. Takarda ce ke raba gardama: rasidi mai sunan matafiyi, da lambar tikiti, da saƙon da ke nuna kamfani ne ya soke, ba fasinja ne ya makara ba. Da su ake zuwa teburin jami'an kare hakkin fasinja na NCAA da ke manyan filayen jirgi. Hukumar takan motsa in koke ya yi yawa, a Disamba 2024 ta sanar da hukunta kamfanonin jirgi biyar, biyu na waje uku na gida, kuma rashin mayar da kuɗi cikin wa'adi na cikin laifuffukan. Maniyyaci nasa ta hannun jami'in alhazai na ƙaramar hukuma yake bi zuwa hukumar jiha a Kaduna, don haka tun ranar biya ya duba takardar banki ya tabbata sunansa ne a jiki, ba na yaron da ya aika ba.