Ba Kowane Ciwon Baya Ne Na Gajiya Ba

Jama'a masu sauraro, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na lafiya na wannan mako.

Duk wanda ya taɓa feɗe dabba ya san babbar jijiyar jinin nan da ke kwance jikin ƙashin baya. Mutum ma yana da ita. Daga zuciya take saukowa ta ratsa ciki, faɗinta kamar santimita 2. Wani lokaci bangonta kan yi rauni ya kumbura, kamar yadda tayar babur ke yin ƙulu. In ta kai santimita 3, likitoci na kiranta kumburarriya. In ta kai 5.5, sukan ba da shawarar tiyata. Abin tsoron shi ne, mutum zai yi shekaru da ita bai ji komai ba.

Ranar da ta fashe, jini na tsiyaya ta bayan ciki, shi ya sa mutum zai ce bayansa ne ko kwiɓinsa. Sai a ɗauka gajiyar kiwo ce, ko ɗaukar buhu, ko tsakuwar ƙoda. Ita ce ta yi ajalin masanin kimiyya Albert Einstein a 1955.

To, yaya za a bambance? Ciwon gajiya a hankali yake zuwa, kuma yakan lafa in an kwanta. Wannan kuwa farat ɗaya yake afkowa, da tsanani, ba ya jin hutu. Ga jiri, ga zufa mai sanyi, wani har ya suma. Wani sa'in in ka ɗora hannu wajen cibiya za ka ji abu na bugawa kamar zuciya.

An fi ganinta ga maza 'yan shekara 65 zuwa sama, musamman masu shan taba, masu hawan jini, da waɗanda wani nasu ya taɓa yin ta.

Don Allah, in Baffa ya yi irin wannan a ruga ko a kasuwa, kada a tsaya ƙaho ko tausa. Kada a ba shi abinci ko ruwa. A kwantar da shi, a nemi mota zuwa babban asibitin da ake tiyata. Ku gaya wa likita yadda ciwon ya fara. Hoton ciki, wato eko a Nijar, sikanin a Najeriya, kan nuna kumburin cikin 'yan mintuna.

Dattawan da suka daɗe suna shan taba, ku je a duba ku tun kuna da ƙarfinku. Allah ya ba mu lafiya.