Yadda Hoto Ɗaya A Kullum Ke Buɗe Wa Mutum Ido A Unguwarsu

A shekarar 1966 wani mai zane a birnin Los Angeles na Amurka, Ed Ruscha, ya ɗaura kyamarar Nikon a bayan a-kori-kura, aka tuƙa shi a hankali kan titin Sunset Strip yana ɗaukar kowane gini, dama da hagu. Bai ware mai kyau da mummuna ba: shaguna, allunan talla, filin ajiye motoci, duk sun shiga. Ya haɗa hotunan a littafin da ya kira Every Building on the Sunset Strip, wanda takarda ce guda da aka ninke ninki-ninki. In an warware ta, tsawonta ya kai kimanin ƙafa 25.

Wannan shekara 41 ke nan kafin Google ta fito da Street View a 2007. Ruscha ya yi ta komawa titin shekaru da dama, har a 2012 cibiyar bincike ta Getty ta karɓi taskar hotunansa. Yau masu nazarin birane na duba ta don su ga wane shago ya mutu, wane ya gaje shi.

Amfanin irin wannan littafi shi ne yana tsayar da ido. A Instagram babban yatsa ne ke mulki, hoto bai gama sauka ba an wuce shi. A kan takarda kuwa hoton na nan zaune, sai mutum ya fara lura da wayar lantarki da ta ratsa sama, ko fentin da aka shafe tsohon suna da shi. Wanda ya saba kallon titin wani gari haka, in ya fito nasu sai ya ga abin da ya shekara yana wucewa bai gani ba.

Dabarar ba ta buƙatar waya mai tsada. A zaɓi wuri guda, misali bakin layi ko mahaɗar da ake jiran mota, a tsaya a daidai gurbi ɗaya, a lokaci ɗaya, a ɗauki hoto ɗaya kullum. Kunna layukan raga a saitin kyamara na taimakawa wajen daidaita falwaya ko kusurwar gini a wuri guda. Makon farko babu daɗi, gaskiya, domin hotunan duk kama ɗaya suke. Sai an jera na wata biyu ko uku tambayoyi ke fara tasowa. Me ya sa mai shayi ya koma ɗaya tsallaken? Ina ruwan wannan kwata yake zuwa? Wa ya sare darbejiyar nan?

Gari na sauyawa da sauri fiye da yadda ƙwaƙwalwa ke riƙewa. Hoton titin Kano kafin 2013 cike yake da 'yan acaɓa; bayan hana su a shekarar, adaidaita sahu suka mamaye ko'ina. Mutane ƙalilan ne ke da hoton layinsu a lokutan biyu.

Waya na yin rabin aikin da kanta. Kowane hoto na ɗauke da ɓoyayyun bayanai da ake kira EXIF: rana, lokaci, samfurin waya, da wurin da aka tsaya in GPS na kunne. Da su Google Photos ke jera hotuna bisa wuri da kwanan wata. Sai dai hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, ana matse shi kuma bayanan su goge. Wanda aka tura a matsayin fayil yana tafiya da komai, har da inda gidan mutum yake, don haka a duba wa ake tura wa. A nemi izinin mutane kafin a ɗauke su, barikin soja da shingen jami'an tsaro kuma a bar wayar a aljihu.