Ko Kun Sani? Jami'ar Lincoln ta Amurka

Ko kun san cewa shugaban Najeriya na farko da na Gana duk jami'a ɗaya suka yi a Amurka? Ita ce Jami'ar Lincoln da ke jihar Pennsylvania, wadda aka kafa a 1854 domin baƙaƙen fata, tun ana cinikin bayi a kudancin ƙasar. Wani limamin coci, John Miller Dickey, shi da matarsa suka assasa ta da sunan Cibiyar Ashmun. A 1866 aka sauya mata suna don girmama Shugaba Abraham Lincoln, wanda aka kashe a 1865.

Nnamdi Azikiwe, shugaban Najeriya na farko, ya kammala digirinsa a can a 1930, shekara ɗaya da Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar da ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954, kuma baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka. Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, ya iso a 1935, ya karanci tattalin arziki da ilimin zamantakewa, ya gama a 1939.

Abin da ke taɓa zuciya shi ne, makarantar da aka gina don baƙaƙe sai da ta shekara 91 kafin baƙar fata ya shugabance ta, wato Horace Mann Bond a 1945. Tun 1972 take cikin jami'o'in da gwamnatin Pennsylvania ke tallafa wa.