Yadda ƙuduji ke fasa katangar saiwar dawa da masara

Tun kafin manomi ya ga furensa a gona, ƙuduji ya riga ya yi mafi yawan ɓarnarsa a ƙarƙashin ƙasa, a jikin katangar da ke kare ƙwayoyin halittar saiwa.

A Gozaki da ke ƙaramar hukumar Kafur, da sauran ƙasar noma ta Funtua da Malumfashi a kudancin jihar Katsina, da wuya a sami manomin dawa ko masara da bai san ƙuduji ba. Wannan ciyawa mai fure ruwan hoda, wadda wasu ke kira wuta-wuta, masana kuma ke kira Striga, ba ta iya rayuwa sai ta manne wa saiwar wani tsiro tana zuƙe ruwansa da abincinsa, tamkar kaska a jikin saniya. Gonar da ta yi wa katutu, hatsinta kan tsumbure ya ƙone kamar an yi fari, ko da kuwa damina ta yi albarka.

Jikin kowane tsiro an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma kowace ƙwaya tana kewaye da katanga, abin da ƙwayoyin jikin mutum da na dabba ba su da shi. Katangar ta ƙunshi zaruruwa irin na auduga, da wani danƙo da ke manne ƙwaya da 'yar'uwarta, da kuma sinadarin liginin, wanda shi ke sa kara da itace tauri. Duk wata ƙwayar cuta ko fumfuna da ke son shiga jikin tsiro, tilas ta san yadda za ta yi da wannan shinge.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma shi ƙuduji da kansa yake tsaga bangon. Irinsa, wanda ƙanƙanta ya sa ya yi kama da ƙura, kan yi fiye da shekara 10 kwance a ƙasa, ba zai tsiro ba sai ya ji alamar wani sinadari da saiwa ke fitarwa. Da zarar ya tsiro, kwanaki kaɗan gare shi ya kama saiwa ko ya mutu. A shekarar 1986 masu bincike a Amurka suka gano a saiwar dawa wani sinadari mai nasaba da liginin, wanda ke sa ƙuduji ya fito da ɗan bakin da yake tsotsa da shi. Wato ke nan katangar ita ce ke tona asirin mai ita. Daga nan sai bakin ya saki sinadarai masu narkar da danƙon, ya kutsa tsakanin ƙwayoyin har ya tarar da hanyoyin ruwa na saiwar. Yakan yi makonni yana tsotsa kafin ya leƙo sama.

Sai dai ba kowane tsiro ke miƙa wuya ba. Wani irin dawa na ƙasar Indiya mai suna N13 yana da katanga mai kauri a cikin saiwarsa, wadda kan tare ƙuduji a hanya. A wasu nau'o'in wake kuwa, ƙwayoyin da ke kewaye da wurin da aka huda kan mutu nan take, su bar maharin ba abinci. Irin waɗannan halaye ne masu kyautata iri ke nema. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da cibiyar IITA mai hedkwata a Ibadan, sun samar da masara mai jure ƙuduji kamar SAMMAZ 15, da kuma waken SAMPEA 10 mai bijire wa ƙudujin wake.

Wani abin lura ga wannan yanki da ya yi suna wajen noman auduga shi ne, daga saiwar auduga aka fara gano sinadarin da ke tayar da irin ƙuduji, a shekarar 1966. Auduga kan yaudare shi ya tsiro, amma ba ya iya rayuwa a jikinta, sai ya mutu. Haka ma waken soya da gyaɗa. Daɗin daɗawa, an tabbatar cewa hatsi kan ƙara fitar da sinadarin idan ƙasa ta gaji, musamman in ta rasa fosfaras, abin da ya sa ƙuduji ya fi addabar gonar da ba ta samun taki.

Dangane da haka masana ke ba da shawarar a riƙa karɓa-karɓa tsakanin hatsi da auduga ko waken soya, a zuba taki, a shuka iri mai juriya, sannan a tumɓuke ƙuduji a ƙone shi kafin ya zuba iri, domin kuwa tushe ɗaya kan bar wa gona dubun-dubatar 'ya'ya.